Daren Da Mata Suka Kwashe Garmaho

Yau labarin mawaƙa na kawo muku daga ƙasar Amurka.

A can akwai wani biki da a ke yi shekara shekara, ana ce da shi Grammy. Tun 1959 aka fara shi. Mawaƙa da makaɗa da masu sana'ar ɗaukar murya suna da ƙungiya, mutanenta masu jefa ƙuri'a sun haura 10,000, su ne su ke zaɓen wanda ya fi a kowane fanni. Wanda ya ci ana ba shi ɗan garmaho mai ruwan zinariya, irin mai ƙahon nan na zamanin kakanninmu, amma na ado ne, ba ya kiɗa. Ba a haɗa masa da ko sisi. Darajar ita ce riba, gama da zarar an ji ka ci, sai ciniki ya buɗe.

Wanda ni ke so in ba ku labarinsa shi ne na 66, da aka yi ran Lahadi 4 ga Fabrairu 2024 a birnin Los Anjalis. An nuna shi a talabijin, sa'ad da su ke farawa da yamma mu nan ƙarfe biyu ne na dare. Abin da ya sa na zaɓe shi, a daren nan manyan kyautuka huɗu da kowa ya ke zuba wa ido duk hannun mata suka faɗa.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Shekara shida kafin nan, watau 2018, mace ɗaya tak aka gani a talabijin ta karɓi kyauta ita kaɗai. Da aka tambayi shugaban ƙungiyar na lokacin, Neil Portnow, sai ya ce wai mata su ƙara himma. Maganar nan ta jawo masa surutu ba kaɗan ba, shekara na zagayowa ya bar kujerar. To, ga shi a 2024 cikin takwas ɗin da suka yi takarar kundin waƙoƙi na shekara, namiji ɗaya ne kurum, Jon Batiste.

Taylor Swift ce ta ɗauke wannan, karo na huɗu ke nan, bayan 2010 da 2016 da 2021. Ba wanda ya taɓa yin haka, gama mazan da su ke kan gaba a da, Frank Sinatra da Stevie Wonder da Paul Simon, sau uku uku suka ci. Wadda ta miƙa mata kyautar kuwa Celine Dion ce, wadda tun ƙarshen 2022 ta sanar da duniya tana fama da wani ciwo mai sa jiki ya sandare, har ta daina fita waƙa. Da ta fito, ɗakin duka ya miƙe tsaye. Murna ta ɗebi Taylor, ta karɓi garmaho daga hannunta ba ta ko dube ta sosai ba, kashegari mutane suka yi ta magana. Daga baya an nuna hotonsu a bayan fage sun rungume juna, amma ni dai a ganina gaisuwa a gaban mutane ta fi.

Miley Cyrus ta ci kyautar faifai na shekara, ita kuwa ba ta taɓa cin Grammy ba sai a daren nan, ko da ya ke tun tana yarinya ta ke sana'ar. Billie Eilish da wanta Finneas suka ci ta waƙar shekara. Nan sai ku lura, 'yan makaranta, domin kyautukan nan biyu dabam su ke. Ta faifai ana ba wanda ya rera ne da waɗanda suka ɗauki muryar suka gyara. Ta waƙa kuwa sai wanda ya zauna ya tsara kalmomi da karin da kansa.

Ta huɗu, ta sabon mawaƙi, Victoria Monét ta samu tana da shekara 34. Sabuwa ce a suna kawai. Ta yi wajen shekara 15 tana rubuta wa waɗansu waƙoƙi, cikinsu har da Ariana Grande, su a san su, ita ba a san ta ba. Da ta hau karɓa ta kwatanta kanta da tsiro wanda saiwarsa ta daɗe tana aiki a ƙarƙashin ƙasa ba mai gani.

Amma kadan kun tambaye ni abin da ya fi daɗi a daren, ba zan ce ko ɗaya cikin waɗannan ba. Mata biyu ne waɗanda suka manyanta.

Ta fari Tracy Chapman, baƙar fata ce, tana da shekara 59, furfura ta fito mata ba ta kuwa rina ta ba. Ta daɗe ƙwarai ba ta rera waƙa a gaban taro. A 1988 ta fitar da wata waƙa mai suna Fast Car, labarin wata yarinya da ta bar makaranta don ta yi jiyyar ubanta mashayi, ta kama aikin kanti, tana ta burin fita daga talauci, ƙarshe mijin da ta samu shi ma ya bi hanyar uban. Bayan shekara 35 wani saurayi Bature mai suna Luke Combs, wanda ya ke jin waƙar a motar ubansa tun yana ƙarami, ya sake rera ta, ta kuma karɓu kamar sabuwa. Tun da ya ke ita kaɗai ta rubuta, hakkin marubuci wurinta ya riƙa zuwa tana zaune a gida, har a watan Nuwamba 2023 ƙungiyar mawaƙan kiɗan karkara ta Amurka ta ba ta kyautar waƙar shekara, ita ce baƙar mace ta fari da ta same ta. A daren Grammy aka ga hannu yana kaɗa jita cikin duhu, da haske ya kai fuska sai ɗakin ya ɗauki sowa. Baƙar riga ta sa mai sauƙi, ba 'yan rawa, ba hayaƙi. Saurayin yana gefe yana ta dubanta da ladabi, kamar ɗalibi gaban malama.

Ta biyu Joni Mitchell, mutuniyar Kanada, shekararta 80. Tana da shekara tara shan inna ya kama ta. A 2015 kuma jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, sai da ta sake koyon tafiya, ta sake koyon kaɗa jita. Ta ci Grammy da dama a rayuwarta, amma ba ta taɓa rera waƙa a bikin ba sai ran nan. A zaune ta yi, cikin babbar kujera, da sandarta a hannu tana buga ƙasa da ita a hankali, 'yan baya sun kewaye ta suna amshi. Waƙar da ta rera tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta tsara ta. Muryar ta yi kauri, ba ta hawa inda ta ke hawa a da, ga shi kuwa kyamara tana nuna manyan mawaƙa suna share hawaye. Ranar ma ta ci kyautar fanninta.

To, mu koma wajen namu na Afirka. A shekarar nan aka fara ware wa waƙar Afirka kyauta tata. Waƙa biyar suka shiga takara, huɗu na 'yan Nijeriya ne: ta Burna Boy, da ta Davido, da ta Ayra Starr, da ta Asake shi da Olamide. Ta biyar ta wata yarinya ce daga Johannesbag ta Afirka ta Kudu, sunanta Tyla, kwana biyar da cikarta shekara 22. Ita ta ci. Mutanenmu da yawa ba su ji daɗi ba, aka yi ta cewa an yi mana ƙwange. Ni ban ga haka ba. Masu ƙuri'a galibinsu a Amurka su ke, waƙarta kuwa, Water, ta shiga cikin goma na farko a jerin waƙoƙin ƙasar, sun ji ta har sun gaji. Abin da ya fi damuna shi ne, da rana aka ba da kyautar nan, a ƙaramin taron da a ke yi kafin a soma nunawa a talabijin. Fannoni 94 ne a shekarar, kaɗan daga ciki a ke miƙawa da dare, na Afirka bai samu shiga ba. Sai dai Burna Boy ya hau babban dandamali da 'yan rawa da makaɗan ganguna, ya yi wasa tare da Brandy da 21 Savage, ko da ya ke takara huɗu ya shiga bai ci ko ɗaya ba. Mai gabatar da bikin duka, Trevor Noah, shi ma ɗan Afirka ta Kudu ne, kamar Miriam Makeba wadda ta ci Grammy tun 1966. A 2025 kyautar ta zo gida, Tems 'yar Legas ta ɗauko ta.

Saura magana ɗaya ta miji da mata. An ba Jay-Z lambar girma, ya hau da 'yarsa a gefe, maimakon godiya kawai sai ya shiga yi wa ƙungiyar faɗa a gabansu. Ya ce matarsa Beyoncé ta fi kowa yawan Grammy, tana da 32 a lokacin, amma ba a taɓa ba ta ta kundin shekara ba, wannan lissafi bai yi ba. Ita tana zaune cikin taro da farar malfa, ba ta ce uffan ba. Waɗansu suka ce ya kyauta da ya tsaya wa matarsa, waɗansu suka ce ba wurin yin sa ba ke nan. A watan Fabrairu 2025 dai aka kira sunanta, ta hau ta karɓa, 'yar tasu tana tsaye kusa da ita.