Sura da Ma'anarta: Nazari a Kan Zane-zanen Ibada a Gidajen Mabiya Addinin Hindu

1.0 Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1950 da finafinan Indiya suka fara shiga gidajen silima na Arewacin Nijeriya, Hausawa suka saba da wani fage da ba ya wuyar fitowa a cikinsu. Za a nuno uwa ta tsaya a lungun ɗaki, gaban wani hoto ko mutum-mutumi mai hannu huɗu, tana juya fitila a kan faranti, tana roƙo ɗanta ya dawo lafiya. Mai kallo yakan ce tana gaban gunki, daga nan ya bi labari. Sai dai wannan kalma guda ta rufe abubuwa da dama waɗanda masu abin suka bambanta, kowanne da sunansa da ƙa'idarsa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ire-iren surorin da mabiya addinin Hindu ke ajiyewa a gidajensu, da ma'anar alamomin da ke jikinsu, da tarihin yaɗuwarsu, sannan ta dubi matsalar da mai fassara ke fuskanta idan ya zo mayar da kalmomin wannan fage zuwa Hausa. Bayanin ya tsaya a kan yadda masu addinin suka fahimci abinsu. A ƙidayar Indiya ta 2011 mabiya wannan addini sun kai kashi 79.8 cikin ɗari, wato kimanin mutum miliyan 966. Wajen rubuta sunayen ababen bauta an bi lafazin Hausa, shi ya sa za a ga Bishnu da Shiba. Sunayen mutane kuwa an bar su yadda aka san su.

2.0 Wurin Ibada a Cikin Gida

Ba a wajabta wa Bahinde zuwa haikali a wata rana ta mako ba, saboda haka mafi yawan ibadar yau da kullum a gida ake yin ta. Mai hali yakan ware ɗaki sukutum, marar hali kuwa ya wadatu da kanta a jikin bango ko wani sashe na ɗakin girki. Littattafan tsarin gini da ake kira Bastu Shastara sun fi son a sa wurin a kusurwar arewa maso gabas. A nan ake jera surar abin bautar zuriya, wanda aka gada kaka da kakanni, da ta wanda kowane mutum ya zaɓa wa kansa. Wannan ne ya sa ba a cika samun gidaje biyu masu jeri iri ɗaya ba.

Ibadar da ake yi a wurin ita ce puja, kuma tsarinta na karɓar baƙo ne. Cikakkiyarta tana da hidimomi 16, waɗanda suka haɗa da gayyata, da ba da wurin zama, da ruwan wanke ƙafa, da wanka, da tufatarwa, da abinci, har zuwa sallama. Ta yau da kullum takan taƙaita ga guda 5: shafa sandal, da miƙa fure, da turaren wuta, da fitilar man shanu, da abinci. Abincin da aka miƙa ana ɗauke shi a raba wa mutanen gida, a lokacin sunansa ya koma parasad, abin da suke ɗauka ya sami albarka.

Ginshiƙin wannan duka shi ne abin da suke kira darshan, wato gani. A fahimtarsu mai ibada yana ganin abin bautarsa, shi ma yana ganinsa. Dalili ke nan da ya sa ake zana idanu manya, suna duban mai kallo kai tsaye, kuma a wajen sassaƙa ido ne ake ƙarasawa daga ƙarshe. Akwai wani biki da ake kira parana paratishta, wanda da shi ne suke ganin an sa rai a cikin sura. Surar da aka yi wa wannan biki dole a riƙa yi mata hidima kullum ba fashi, shi ya sa gidaje da yawa suka fi son hoton takarda ko ƙaramin mutum-mutumi wanda nauyinsa bai kai haka ba.

3.0 Alamomi da Ma'anoninsu

Mai sassaƙa ko mai zane ba shi da 'yancin yin yadda ya ga dama. Littattafan sana'a, Shilpa Shastara, sun ƙayyade awo da tsayuwa da abin riƙo. Ma'auninsu shi ne tala, wato tsawon fuska daga goshi zuwa haɓa, wanda ya yi daidai da faɗin yatsu 12, kuma manyan ababen bauta akan yi musu tsawon tala 10. Saboda haka ana iya karanta sura kamar yadda ake karanta rubutu, muddin an san baƙaƙenta.

3.1 Hannuwa da Ishara

Yawan hannuwa, wanda ya fi ɗaure wa baƙo kai, hanya ce ta nuna iko iri-iri a cikin jiki guda, domin kowane hannu da abin da yake riƙe. Tafin hannu a ɗage yana fuskantar mai kallo, yatsu na duban sama, ishara ce ta kada ka ji tsoro. Idan yatsun na duban ƙasa, ishara ce ta kyauta.

3.2 Abubuwan Riƙo da Launi

Bishnu, wanda suke ɗauka mai kiyaye duniya, ana zana shi da launin shuɗi irin na sararin sama, yana riƙe da abu huɗu: ƙahon katantanwar teku, alamar sautin farko na halitta, da faifan yaƙi mai kaifi, alamar juyawar zamani da sare ɓarna, da kulki, alamar mulki, da furen bado. Bado yana tsirowa a cikin taɓo amma furensa ya fito fes, saboda haka ya zama alamar tsarki a kusan dukkan zane-zanen.

Lakshimi, ta arziki da wadata, takan fito cikin jan sari a kan furen bado, tsabar zinariya na zuba daga tafinta, giwaye na yayyafa mata ruwa. Ita ce ake girmamawa a daren Diwali, kuma 'yan kasuwa da yawa a lokacin suke buɗe sabon littafin lissafi. Saraswati, ta ilimi da kiɗa, farin tufa take sawa, ba ta cika ado ba, tana riƙe da littafi da carbi da wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya da ake kira bina. Bambancin shigar waɗannan biyu kaɗai ya isa ya nuna yadda al'ummar ta raba tsakanin dukiya da sani.

Ganesha mai kan giwa shi ake fara kira kafin kowace hidima, domin a ganinsu shi ke kawar da cikas. Manyan kunnuwansa na nuna sauraro, haurensa ɗaya a karye yake, kuma labarinsu ya ce da shi ya rubuta Mahabharata.

3.3 Abin Hawa

Kowane abin bauta da dabbarsa. Bishnu na da Garuda, mai kama da gaggafa. Shiba na da bijimi Nandi. Durga na hawan zaki ko damisa, tana kashe aljani mai siffar ɓauna. Ganesha kuwa, duk girmansa, ɓera ne abin hawansa. Masu sharhi sukan fassara ɓeran da kwaɗayin zuciya, wanda ke ɓarna a ɓoye sai an hau kansa an sarrafa shi.

3.4 Misali Guda Cikakke

Surar Shiba mai rawa, Nataraja, ita ta fi tara alamomi wuri guda. Maƙeran daular Chola ta kudancin Indiya ne suka kai ta ga kammala a ƙarni na 10 da na 11, ta hanyar zubin tagulla da kakin zuma, dabarar da maƙeran Ife da Binin su ma suka shahara da ita. Hannun dama na sama na riƙe da ɗan ganga mai siffar kalangu, alamar halitta. Na hagu na sama na riƙe da wuta, alamar rushewa. Na dama na ƙasa na isharar kariya. Ƙafar dama ta take wani wada mai suna Apasmara, wanda ke wakiltar jahilci, ta hagu kuma a ɗage take, alamar kuɓuta. Da'irar wuta ta kewaye shi duka. Ashe ke nan an dunƙule aƙida sukutum a cikin tsayuwa ɗaya.

3.5 Surori Marasa Siffar Mutum

Ba kowace sura ke da fuska ba. An fi bauta wa Shiba ta hanyar linga, wani dutse mai santsi da kai zagayayye. Mabiya Bishnu sukan ajiye shaligaram, baƙin dutse da ake tsinta a kogin Gandaki na ƙasar Nepal. A tsakar gida kuma akan dasa tulsi, wani tsiro dangin ɗoɗɗoya, mata su riƙa kunna masa fitila da magariba.

4.0 Daga Haikali Zuwa Kalanda

Fuskokin da aka sani a yau ba su daɗe ba. Kafin ƙarni na 19 sura mai kyau sai mai hali, irin zanen Tanjor da ake liƙa wa ganyen zinariya. Canji ya zo ne da injin bugun dutse. Raja Ravi Varma, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906, ɗan yankin Kerala ne da ya ƙware a salon fentin Turai, ya riƙa zana ababen bauta da jiki da tufa irin na mutane. A 1894 ya kafa maɗaba'a a Bombai, wato Mumbai ta yau, inda aka riƙa buga hotunansa masu launi ana sayarwa da araha. Hotunansa na Lakshimi da Saraswati su ne suka zama abin kwaikwayo ga waɗanda suka biyo baya.

Wannan ya yi tasiri ƙwarai, domin a lokacin akwai ƙabilun da aka ɗauka ƙasƙantattu waɗanda ba a bari su shiga manyan haikalai. A masarautar Tarabankor, inda Varma ya fito, sai a 1936 aka buɗe musu ƙofa. Hoton takarda ya shiga bukkar da mai ita ba ya iya shiga haikali. Daga baya 'yan kasuwa suka riƙa buga irin waɗannan hotuna a kalanda suna raba wa abokan ciniki, har garin Sibakasi na jihar Tamil Nadu ya yi suna a wannan sana'a.

Silima ma daga nan ta ɗauki shigar 'yan wasanta. Lokacin da aka nuna fim ɗin Jai Santoshi Maa a 1975, masu kallo sun riƙa cire takalma suna watsa fure ga majigi. Haka aka yi a 1987 da 1988, sa'ad da gidan talabijin na gwamnati ya nuna wasan Ramayan, mutane suka riƙa rataya wa akwatin talabijin fure kafin a fara. Wannan ya nuna darshan bai taƙaita ga dutse ko tagulla ba.

Ya kamata a lura cewa ba dukkan Hindu suka yarda da bautar sura ba. Ƙungiyar Brahmo Samaj da Ram Mohan Roy ya kafa a 1828, da Arya Samaj da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, duk sun ƙi ta. Ko a cikin masu yi, wasu na ɗaukar sura mazaunin abin bauta ne, wasu kuwa na ganin tsani ce kawai ta tattara hankali zuwa ga wanda ba shi da siffa.

5.0 Matsalar Fassara

Yanzu da ake juya finafinan Indiya zuwa Hausa, wannan batu ya wuce na cikin aji. Kalmar murti, wadda asalin ma'anarta siffa ko jiki ce, ita aka saba fassarawa da gunki. Amma gunki a Hausa tana ɗauke da hukuncin mai magana, domin ba mai kiran abin bautarsa da ita. Idan aka sa ta a bakin uwar da ke cikin fim, an sa ta faɗi abin da ba za ta faɗa ba. Mutum-mutumi ba ta da wannan nauyi, sai dai ba ta haɗa da hoton takarda ko linga ba. Sura ta fi kusa, shi ya sa aka yi amfani da ita a nan.

Haka kuma puja ba ta dace da tsafi ba, tun da tsafi na ɗauke da ma'anar asiri da ɓoyo, ita kuwa a fili ake yin ta tare da yara. Darshan ta fi wuya. Kallo bai isa ba, kallon-kallo kuma na nuna zargi. Abin da ya fi kusa a al'adarmu shi ne zuwa gaisuwa a fada, inda talaka ke son ya ga sarki, sarki ma ya gan shi, kuma a Indiya ma ana amfani da kalmar ga ganin sarki ko babban malami. Parasad kuwa ba sadaka ba ce, domin sadaka fita take yi, ita kuwa dawowa take yi ga mai bayarwa; tubarraki ta fi dacewa da ita.

6.0 Kammalawa

An ga cewa surorin da ke gidajen Hindu tsari ne na alamomi, inda hannu da launi da dabba kowanne ke da abin da yake faɗa, kuma injin ɗab'i ne ya ba su kamannin da duniya ta sani a yau. Shawarar da wannan maƙala ke bayarwa ita ce, a rubutun ilimi a ari murti da puja da darshan yadda suke, a yi musu bayani a farkon ambato, kamar yadda Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci da sauran harsuna. A fassarar magana kuwa a duba bakin da kalma ke fitowa: gunki ta dace da bakin mai suka, sura ta dace da bakin mai ita. Fage ne da ke jiran masu nazarin ƙamus da fassara su shigo.