Alhaji Wada Nas: Daga Dandalin NEPU Zuwa Shafin Jarida

Gabatarwa

A siyasar Arewacin Nijeriya an saba kasa 'yan siyasa gida biyu, watau 'yan mazan jiya masu son a bar al'amura yadda aka gada, da 'yan neman sauyi masu da'awar ƙwato wa talaka 'yancinsa. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar marigayi Alhaji Wada Nas, mutumin Funtuwa, domin nuna cewa wannan rabo ba kullum yake iya ɗaukar mutum guda sukutum ba.

Ƙasar da ta haife shi

Funtuwa ita ce cibiyar kudancin ƙasar Katsina, shiyyar da ta ƙunshi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙasa ce ta noman auduga da dawa da masara. Zuwan hanyar jirgin ƙasa daga Zariya da kafa injin gurzar auduga sun tara baƙi da 'yan kasuwa a garin, mutanen da ba su cika jin nauyin sarauta ba. Saboda haka jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta sami karɓuwa a wannan yanki. A cikinta ne Wada Nas ya yi kuruciyar siyasarsa, inda ya koyi tsayawa gaban jama'a da mayar da martani ba tare da kwana-kwana ba.

Sauya sheƙa

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, magada NEPU sun taru a PRP ƙarƙashin Malam Aminu Kano. Shi kuwa Wada Nas sai ya bi NPN, wadda akasari ake ɗauka magajiyar NPC ce. Wannan zaɓi yana da nauyi, domin a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki har 1987, gwamna ɗan PRP ne, watau Alhaji Balarabe Musa, majalisar dokoki kuwa NPN ke da rinjaye. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. A Jamhuriya ta Uku ma Wada Nas yana cikin jagororin NRC a Jihar Katsina, wadda ɗan takararta Alhaji Sa'idu Barda ya kayar da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP a zaɓen gwamna na 1991.

Zamanin Abacha

Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993. Wada Nas ya zama ƙaramin ministan ilmi, sa'an nan ministan ayyuka na musamman. A nan ne sunansa ya game ƙasa, domin shi ne bakin da yake mayar wa ƙungiyar NADECO da jaridun Ikko martani, a lokacin da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya a 1995 saboda rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas. Masu sukarsa suna ganin wannan babban tabo ne ga wanda ya tashi a jam'iyyar da aka ɗaure 'ya'yanta saboda faɗar albarkacin baki.

Mai sharhi

Bayan rasuwar Abacha a 1998, da yawa daga waɗanda suka ci moriyarsa sun ya da kwaurensa. Wada Nas bai yi haka ba. Ya koma rubutu a jarida, musamman Weekly Trust, yana kāre marigayin, yana kuma caccakar gwamnatin Obasanjo bisa zargin danne Arewa. Har wa yau ya shugabanci jam'iyyar adawa ta PSP. Ya rasu a watan Janairu na 2005.

Kammalawa

Jam'iyyunsa sun sauya, amma makaminsa bai sauya ba. Harshen da NEPU ta wasa domin yaƙar masu mulki, shi ne ya kāre mulkin soja da shi, kuma da shi ya koma adawa. Riƙon amanarsa ga Abacha abin lura ne, sai dai riƙon amana ga mutum dabam, riƙon amana ga aƙida dabam. Duk mai nazarin kalmomin siyasar Hausa ya kamata ya yi hattara da laƙabin "ɗan mazan jiya", domin sau da yawa zaman mutum yake nunawa a wani lokaci, ba abin da ke zuciyarsa ba.