Gidigir: Motocin Yanzu Da Ɗan Rahoton Totur

Garin Gidigir yana bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Damagaram ta ratsa Mirya da Gidimuni, ta nufi Gure da Difa. Amma gudron bai shiga ƙauyuka ba. Duk motar da za ta ɗauko dabino ko kanwa ko rogo daga kwari, ko ta kawo bisashe kasuwa, dole ta sauka cikin rairayi. A cikin rairayi kuwa, babu abin da direba yake so kamar motar da ke amsa shi nan take. In ya taka totur a gindin tudu, motar ta yi jinkiri ko da na ƙiftawar ido ne, to ƙafafu sun nutse ke nan. Sai fasinja su sauko, a yi ta tono da turi, rana tana dukan kaya. In kuma mara lafiya ake gudu da shi zuwa likita a Gure, abin ya wuce hasarar kaya.

A zamanin Peugeot 404 da 504 da tsohuwar Land Rover, karbirato ke raba mai. Cikinsa akwai wani ɗan famfo, da an taka totur sai ya fesa isansi, inji ya zabura. Makanikai na dā sun san wannan famfo kamar yunwar cikinsu. Motocin isansi na yanzu, irin waɗanda aka yi ta shigo da su daga Turai bayan sun ɗan tsufa, ba su da karbirato. Kwamfuta ce ke auna mai. Ita kuwa ba ta ganin ƙafar direba, sai an gaya mata.

Mai gaya matan wani ɗan abu ne baƙi na roba, bai kai akwatin ashana biyu ba. Yana manne a gefen maƙogwaron inji, wato bututun da iska ke shiga, daidai kan sandar marfin iska. Wanda ya koyi aiki da Faransanci yana ce masa kaptar, wanda ya koya a Najeriya ya ce sansa. Aikinsa na ɗan rahoto ne. Galibi wayoyi 3 gare shi: ɗaya tana kawo wuta volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun ita ke mayar da labari. In marfi yana rufe, tana mayar da wajen rabin volt. In an taka totur har ƙasa, sai ta kai wajen volt 4 da rabi. Daga saurin hawan wutar nan kwamfuta take gane direba na neman ƙarfi da gaggawa, sai ta ƙara mai, kamar yadda famfon karbirato yake yi a dā.

A nan ne ake samun kuskure. Ɗan rahoton wasu motoci yana ɗaure da sukuru 2, ramukansu dogaye ne, ana iya sassautawa a juya shi. Sai wani ya juya shi gaba da ka, ba awo, ya ji inji ya ɗaga murya, ya ce mota ta samu ƙarfi. Ba ƙarfi ta samu ba, ƙarya aka koya wa ɗan rahoto. Kullum yana cewa ƙafa tana bisa totur alhali an ɗaga ta. Ralanti ya hau, ko ya riƙa hawa yana sauka. Kwamfuta ta daina yanke mai a lokacin da direba ya saki totur, abin da ya kamata ta yi. Motar da ke canja giya da kanta kuma sai ta riƙa fizga. Kuɗin wannan ƙarya daga aljihun mai mota suke fita, ga shi tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 isansin kwalba ya bar araha.

Sau da yawa ma ɗan rahoto ba shi da laifi. A ƙasar Gure ƙura ce babbar abokiyar gaban inji, musamman da hunturu. Matatar iska takan toshe. Ƙura ta haɗu da tururin mai ta daskare a bakin marfi, ya kasa rufewa daidai. Igiyar totur takan saki, sai ƙafa ta yi tafiya kafin marfi ya motsa, wannan kuwa ɗan ɗaure noti ne maganinsa. Ga buji da suka ci, ga matatar mai da dattin jarka ya cika. Makanike mai hankali da waɗannan yake farawa, sau da yawa kuma a nan aikin yake ƙarewa.

In an share duk wannan jinkirin bai tafi ba, sai awo. Ana buɗe kontak ba tare da tada inji ba. A sa bakin mitar awon wuta a wayar da ke mayar da labari, ɗaya bakin a ta ƙasa, a karanta lamba. Sannan yaron mota ya taka totur sannu a hankali har ƙasa, makanike yana kallo. Wajibi ne wutar ta hau a jere, ba tsalle. In ta zo wani wuri ta faɗi sannan ta koma, to ɗan layin da ke ciki ya goge, galibi a daidai inda ƙafar direba ta saba zama a doguwar tafiya. Wannan juyi ba ya gyara shi, sai sabo. In kuwa tana hawa lafiya, lambar farko ce kawai ta kauce, nan ne ake sassauta sukuru, a juya kaɗan kaɗan har ta zo daidai, a ɗaure, a sake aunawa, domin wajen ɗaurewa yakan goce. Kowane inji da tasa lamba. Wasu tsofaffin Toyota ma wayoyi 4 gare su, da siririn ƙarfen awo ake daidaita su. Akwai wani ƙaramin sukuru da marfi ke tsayawa a kansa in ya rufe. Daga masana'anta aka daidaita shi, ba a taɓa shi.

Motocin da suka fi sabunta ba su da igiya ko kaɗan. Waya ce ke kai saƙo daga totur, wani ɗan inji na lantarki ya buɗe marfi. Nasu ba ya juyuwa. Bayan an wanke maƙogwaro, ana sake koya wa kwamfuta inda marfi yake tsayawa. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin isansi, doka ta sa an yi musu wata kafa kusa da sitiyari, inda ake soka na'urar bincike. In ta nuna P0120 zuwa P0123, da ɗan rahoto ko wayoyinsa take. A duba wayoyin tukuna, domin girgizar hanya takan sassauta su, ɓera ma yakan ci.

Masu tsohuwar Land Cruiser ta gazuwal, mai injin 1HZ, wannan magana ba tasu ba ce, famfonsu da igiya yake aiki. Su dai su kakkaɓe matatar iska duk sanda suka dawo daga kwari.