Allo biyu, kwamfuta ɗaya: abin da na koya a wani shagon cike fom a Gummi

Wani abokina yana da shagon kwamfuta a nan Gummi, inda ake buga takardu da cike wa mutane fom ta intanet, na neman aiki ko gurbin karatu. Babbar damuwarsa ita ce kuskuren suna. Tun 2021 da JAMB ta wajabta lambar NIN, harafi ɗaya da ya saɓa a takardun ɗalibi kan jawo masa zirga-zirga, wani lokaci har Gusau, ga kuɗin mota ga fargabar hanya. Sai ya sayo allo biyu masu aiki da taɓawa, irin na wayar hannu amma manya: ɗaya a gabansa, ɗaya yana fuskantar mai fom, don kowa ya duba bayanansa da idonsa kafin a tura.

Da yamma ya kira ni: "Mutumina, zo ka gani. In an taɓa allon kwastoma, a nawa abin yake dannuwa."

Allon lafiyarsa ƙalau. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, hoto da taɓawa ba hanya ɗaya suke bi ba. A wayarka an haɗa su tun daga kamfani. A kwamfutar tebur kuwa kowane allo yana buƙatar kebul biyu: na hoto, wato HDMI ko DisplayPort ko VGA, da na USB mai kai saƙon yatsa. Windows tana ganin hotuna biyu da na'urorin taɓawa biyu, amma ba ta san wanne ne na wanne ba, sai ta tura komai zuwa babban allo.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Da farko ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend, don kowane allo ya nuna abinsa. Sannan ka buɗe Control Panel, ka nemi Tablet PC Settings, ka danna Setup. Allunan za su yi fari, rubutu ya fito a ɗaya. Taɓa wanda rubutun yake kansa da yatsa ɗaya, ka danna Enter, ka maimaita a na biyu. In ba ka ga wannan saiti ba a Windows 11, danna Windows da R ka rubuta MultiDigiMon.exe -touch, zai buɗe maka shi. Idan ka sauya wa kebul ɗin USB rami daga baya, wataƙila sai ka sake saitin.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa bayan kwamfutarka. Tokumbo irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk galibi suna da ramin DisplayPort biyu, kuma ƙaramin adafta zai mayar da su HDMI. Kada ka sayi akwatin nan mai raba HDMI ɗaya gida biyu, don hoto ɗaya tak zai maimaita maka. Allon da ke aiki da kebul ɗin USB-C kaɗai ma ba zai yi da tsofaffin kwamfutoci ba, saboda ba su da ramin da ke fitar da hoto ta wannan hanya. Kebul ɗin USB 2.0 kuma kada ya wuce mita 5.

Matsala ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, kuma saiti ba ya magance ta. Allo biyu ba kwamfuta biyu ba ne. Windows tana sauraron taga ɗaya ne a lokaci guda. Abokina yana cikin buga sunan wani, yaron da ya rako shi ya dangwala ɗaya allon, sauran haruffan suka ɓace. Na'urar da aka sayo don hana kuskure ta kusa haifar da shi. Don haka na rubuta masa ɗan shafi mai buɗewa a Chrome ba tare da intanet ba. Yana nuna suna da ranar haihuwa da manyan baƙaƙe, da maɓalli biyu kacal: "Daidai ne" da "A gyara". Shafin ba ya bayyana sai ya gama bugawa, kuma ya kafa doka: ba mai taɓa allo kafin nan.

Sai batun wuta. Ka taɓa ganin wayarka tana danna kanta in ka sa ta a caja mara kyau? Manyan alluna ma haka suke yi da wutar ƙaramin janareta ko inbata mai arha. Da ya mayar da su kan inbatar sola mai kyau, abin ya daina. Masu aiki da hasken infared a gefen gilashi kuma ƙurar hunturu ce ke rikita su, sai an riƙa goge gefen.

Yanzu duk wanda ya zo shagon shi yake danna "Daidai ne" da yatsansa. In kana shirin yin irin wannan, tambayi kanka ko mutum biyu za su yi aiki a lokaci ɗaya. In haka ne, kuɗin allo na biyu gara ka ƙara ka sayi wata kwamfutar.