Gansakukar Kogin Yedzaram: suna ɗaya, amma wata abinci ce wata kuma guba

Duk wanda ya bi gaɓar Kogin Yedzaram a garin Mubi cikin watan Maris, zai tarar kogin da ke tumbatsa da damina ya koma 'yan kududdufai a tsakiyar yashi. Saman kowane kududdufi kuwa wani koren abu ne ya shimfiɗu, wani kamar zaren da aka warware, wani kamar an zuba fenti. Makiyayi kan sa sanda ya ture shi gefe don shanu su sha, mai wanki ya kore shi da bayan hannu. Da za a tambaye su sunansa, amsar ɗaya ce: gansakuka.

Wannan kalma guda ta tattara halittu masu yawa waɗanda ba su haɗa dangi na kusa ba. A cikinsu akwai wadda mata ke miya da ita a ƙasar Chadi, akwai mai ƙara wa gona ƙarfi, akwai kuma wadda kan kashe saniya cikin 'yan sa'o'i. Ga gari irin Mubi, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa maso Gabas, bambance su magana ce ta dukiya da lafiya.

Kama da wane ba wane ba ne

Idan aka ɗibi cokali ɗaya na irin wannan ruwa aka duba da madubin ƙara girma, akasari akan ga manyan rukunoni uku. Na farko shi ne koriyar gansakuka ta ainihi, irin su Spirogyra mai zare-zare da santsi, da Chlorella mai kama da 'yan ƙwallaye. Na biyu su ne dayatom, masu launin ruwan ƙasa, waɗanda kowace ƙwayarsu ke zaune cikin wani kwanso na silika, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi. Na uku kuwa sayanobakteriya ne, masu launi tsakanin kore da shuɗi. Su waɗannan bakteriya ne, tazarar da ke tsakaninsu da koriyar gansakuka ta fi wadda ke tsakanin akuya da bishiyar kuka.

Tun daga 1753, lokacin da masanin ƙasar Suwidin Carl Linnaeus ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu, da siffa ake rarrabe halittu. Wannan hanya ta yi aiki ga itatuwa masu ganye da fure. Amma halittar da duk jikinta ƙwaya ɗaya ce, siffarta ba ta faɗin komai sosai.

Labarin Chlorella ya isa misali. Masanin ƙasar Holan Martinus Beijerinck ne ya raɗa mata suna a 1890, daga nan duk wanda ya ga 'yar koriyar ƙwallo a ruwa ko a ƙasa sai ya sa ta a wannan gida. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, sai ta bayyana cewa 'yan gidan ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne, har ma sun rabu zuwa manyan azuzuwa biyu. Aka fitar da wasu aka ba su sababbin sunaye kamar Parachlorella da Chromochloris. Masana sun fahimci cewa zama ƙarami kuma zagayayye dabara ce da zuri'o'i daban-daban suka kai gare ta, kowace ta hanyarta, domin ta dace da rayuwa a ruwa mai ƙafewa da ƙasa mai bushewa.

Dangin gero da dawa

A lissafin masana kimiyya, sayanobakteriya ne suka fara sarrafa hasken rana su yi abinci tare da fitar da iskar oksijin, kuma kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce wannan iska ta fara taruwa a sararin duniya. Bayan wani dogon zamani sai wata ƙwayar halitta ta haɗiye sayanobakteriya ba ta narkar da shi ba, suka zauna tare, shi yana yi mata abinci ita tana ba shi mafaka. Masanin Rasha Konstantin Mereschkowsky ya kawo wannan ra'ayi a 1905, Ba'amurkiya Lynn Margulis ta farfaɗo da shi a 1967, daga baya binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da shi. Koren da ke cikin kowane ganyen yakuwa ko na zogale, jikan wancan baƙo ne da aka haɗiye.

Daga cikin koriyar gansakuka ta ruwan daɗi aka samu reshen da ya hau tudu ya zama tsirrai, kimanin shekara miliyan 470 da suka wuce. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa dangin Spirogyra su ne mafi kusanci da tsirran tudu. Ke nan zaren nan mai santsi da ke sa yara zamewa a kan duwatsun Yedzaram ya fi kusa da gero da dawa a kan yadda yake kusa da sayanobakteriyar da ke kwance tare da shi a kududdufi guda.

Miya a Kanem, annoba a mashaya

Yedzaram yana tasowa ne daga yankin duwatsun Mandara, ya ratsa Mubi, ya miƙe arewa ta Bama zuwa kwarin Tafkin Chadi. A can ɗaya ɓangaren tafkin, a yankin Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa inda matan Kanembu ke kwasar wata gansakuka. Sukan zuba ta a 'yan ramuka cikin yashi, ruwan ya tsane, rana ta busar da ita, su yanka ta gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Sunanta dihe, ana miya da ita a ci da tuwon gero, kuma fiye da rabin nauyinta idan ta bushe furotin ne.

Masanin Faransa Pierre Dangeard ya ba da labarinta a 1940, sannan ɗan ƙasar Beljiyam Jean Léonard ya sake cin karo da ita a kasuwar birnin da yanzu ake kira Njamena, a tafiyar da ya yi tsakanin 1964 da 1965. Ita ce a yau ake sayarwa a kantunan duniya da sunan Spirulina. Sai dai sunan nata na kimiyya ya sha canji: an kira ta Spirulina, aka koma Arthrospira, a 2019 kuma masana daga Folan da Jamhuriyar Cek suka ware ta a sabon gida mai suna Limnospira.

Ita wannan dihe sayanobakteriya ce, a babban rukuni ɗaya da Microcystis, wadda ke fitar da gubar da ke lalata hanta. Rahoton kimiyya na farko kan irin wannan guba ya fito ne daga Ostareliya a 1878, inda tumaki da shanu da dawaki suka mutu bayan sun sha daga Tafkin Alexandrina. A 1996 majinyata fiye da 50 suka rasu a garin Caruaru na ƙasar Brazil, saboda an yi musu wankin ƙoda da ruwan da gubar ta gurɓata. A 2020 hukumomin Botswana suka ɗora alhakin mutuwar giwaye sama da 300 a kan sayanobakteriya. A nan gida, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa a 2009 cewa sun samu gubar a wasu ruwaye na Zariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ta wuce maikirogiram 1 a kowace litar ruwan sha, kuma tafasa ruwa ba ya kashe ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu uku ke sa irin wannan gansakuka ta yi ambaliya: zafi, ruwa mai kwanciya, da yawan naitirojin da fosfaros. Kududdufin bazara da takin zamani na noman rani ke gangarawa cikinsa, ga kashin dabbobi, ga ruwan kwata, ya cika dukkan sharuɗɗan.

Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa a ƙasashe da dama. A tsoma sanda a ɗago. Idan ta fito da zare-zare rataye, galibi koriyar gansakuka ce wadda ba ta da guba. Idan kuwa sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, babu abin da ya rataye, to a kau da dabbobi daga wannan ruwa, musamman gefen da iska ta tara kumfar. Tabbaci dai sai ɗakin gwaje-gwaje.

Ƙurar hunturu da fatar ƙasa

Dayatom ma suna da nasu labarin a wannan yanki. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Da ya ja baya, ya bar kwansunan dayatom jibge a kwarin Bodele na arewacin Chadi. Iskar da ke kurɗawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ke kwasar wannan farar ƙasa, kuma babu wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Wani kaso na hazon da ke rufe arewacin Najeriya da hunturu daga can yake, wani kuma yakan tsallake tekun Atlantika ya kai fosfaros dajin Amazon. Charles Darwin ya tara irin wannan ƙura a jirgin ruwa kusa da tsibiran Kef Bade a 1832, Bajamushe Christian Ehrenberg ya duba ya ga kwansunan halittun ruwan daɗi a ciki. A Bularafa ta Jihar Yobe ma akwai tarin irin wannan ƙasa.

A kan tudu kuwa, baƙin ɓawon nan da ake gani a saman saurar da aka daɗe ba a noma ba, yawancinsa halitta ce mai rai. Zarurrukan sayanobakteriya ne suka ɗinke ƙwayoyin yashi, wasu kamar Nostoc da Scytonema har suna jawo naitirojin daga iska su sa a ƙasa. Da rani sukan bushe kamar sun mutu, yayyafin farko ya farfaɗo da su. An ƙiyasta cewa irin wannan ɓawo ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasa, kuma an yi nazarinsa sosai a Banizumbu da ke gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Yana kare ƙasa daga zaizayar iska, amma yawan tattakin dabbobi yakan farfasa shi. Ga gonakin gangaren Mandara da ruwa ke zaizayewa kowace damina, wannan fata tana da daraja.

Aikin da ke gaban Mubi

Mubi na da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kogi a tsakiyar gari. Fara kundin gansakukar Yedzaram ba ya bukatar kuɗi mai yawa: kwalabe, madubin ƙara girma, na'urar ɗaukar hoto, da ɗalibai masu zuwa wurare guda kowane wata shekara bayan shekara. Samfuran da siffa ta kasa warwarewa sai a aika a karanta ƙwayoyin gadonsu. Da irin wannan kundi ne likitan dabbobi zai san mashayar da ya kamata a rufe a watan Afrilu, hukumar ruwa ta san lokacin da za ta tsananta gwaji.

Ya kamata kundin ya ƙunshi sunayen da Gude da Fali da Nzanyi da Fulani ke kiran waɗannan halittu, da abin da makiyaya suka lura da shi a kan ruwan da dabba ke ƙi. Matan Kanem sun san tafkin da za su kwashi dihe, da lokacin kwasarta, tun kafin wani masani ya ɗora ta a ƙarƙashin madubi. Tsofaffin makiyayan da ke kawo shanu kasuwar Mubi su ma suna da nasu sanin, kuma ɗalibin da ya je musu da kwalba da littafin rubutu ba zai dawo hannu rabbana ba.