Saniya Mai Ciki da Ɗan da Ke Cikinta

Idan kana kiwon saniya a Changli ko a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale, ka san cikinta wata 9 ne da 'yan kwanaki, kusan kamar na mace. Duk tsawon watannin nan ɗan maraƙi ba ya cin ciyawa, ba ya shan ruwa. Daga jinin uwarsa yake samun abinci, ta mabiyiya da cibiya.

Me yake samu daga jinin?

Yana samun sukari, wanda ke ba shi ƙarfi. Yana samun sinadarin gina tsoka. Yana kuma samun kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi. Yawancin girmansa a watanni 3 na ƙarshe yake yi. Idan watannin nan sun faɗo cikin rani, lokacin da hunturu ya busar da ciyawa, jikin uwa yakan ɗebi kitsenta da kalsiyam na ƙashinta ya ba ɗan. Shi ya sa take ramewa. Saboda haka ka tanadar mata harawar gyaɗa ko ta wake tun da kaka. Ka ba ta dusa, gishirin lasa da ruwa isasshe. Ka daina tatsarta wata 2 kafin ta haihu. Idan ta haihu ta kasa tashi, wataƙila kalsiyam ya ragu a jininta. Ka kira likitan dabbobi nan da nan.

Abin da jinin bai ba shi ba

Akwai abu guda da mabiyiyar saniya ba ta bari ya wuce: sinadaran garkuwa masu yaƙi da cuta. Ɗan maraƙi yana zuwa duniya ba shi da su. A cikin dakashi yake samunsu, wato nonon fari mai kauri, mai launin rawaya. Hanjinsa ya fi karɓarsu cikin awa 6 na farko. Bayan kwana guda ƙofar ta rufu. Maraƙin da aka hana dakashi, zawo da ciwon huhu sukan yi saurin kashe shi.

Darasi ga gidanka

Jaririn mutum yana samun garkuwa tun yana ciki, amma shi ma yana bukatar dakashi. Ba ƙazamin nono ba ne, kada a matse shi a zubar. A sa jariri a nono cikin awa 1 bayan haihuwa.

Ka kiyaye kanka

Idan saniya ta yi ɓari, mai yiwuwa bakkale ne, kuma yana kama mutum. Kada ka taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara. Ka binne su da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Mace mai ciki kada ta matso kusa. A tafasa madara kafin a sha. Idan zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ka zo asibiti ka faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa kana kiwon shanu.