Wasan Jefferson: Ranar da Matar Gida Ta Ƙi Ɗaukar 'Yar Aiki

Jama'a, waɗanda suka kalli akwatin talabijin a shekarun 1980 ba za su manta da George Jefferson ba, gajeren mutumin nan mai sanƙo da tafiyar ƙasaita. Wasansa na ban dariya, wato The Jeffersons, reshe ne da ya tsiro daga wani wasan, All in the Family. A can George da matarsa Louise maƙwabtan Archie Bunker ne, wani Bature mai ƙyamar baƙar fata, a unguwar Queens ta birnin New York. Da suka samu karɓuwa sai tashar CBS ta Amurka ta ware musu wasan kansu, aka fara nunawa ran 18 ga Janairu, 1975.

A kashi na farko, George ya yi arziki da shagunan wanki da guga, ya kwashe iyalinsa zuwa wani dogon bene na attajirai a Manhattan. Nan Louise ta yi ƙawa mai suna Diane, 'yar aiki a benen. Ita Diane ta ɗauka Louise ma 'yar aiki ce, don ba ta zaci baƙar mace za ta zama matar gida a irin wannan wuri ba. Da gaskiya ta fito sai jikinta ya yi sanyi, hira ta koma ladabi.

Shi kuwa George ya kafe lallai sai an ɗauki 'yar aiki, wai haka masu kuɗi suke yi. Louise ta ƙi, domin ita kanta ta taɓa yin aikatau, ta san ɗacinsa. Ƙarshe dai aka ɗauki Florence, mace mai kaifin baki, wadda ta shafe shekaru tana mayar wa maigidan magana. Akwai kuma maƙwabta: Tom Willis Bature da matarsa Helen baƙar fata, waɗanda George ba ya gajiya da yi musu shaguɓe. Ashe abin da ya tsana a wurin Archie Bunker shi ma yana da irinsa. Hali zanen dutse.

Sherman Hemsley ne ya fito a George, Isabel Sanford ta fito a Louise, har ta ci kyautar Emmy a 1981. An yi kashi 253 kafin a rufe wasan a 1985.

To, mai karatu da ya baro gida neman arziki, ko a Agege yake ko a Sabon Ibadan, ya san wannan tambaya: idan Allah ya buɗa maka, ina za ka ajiye abokan da kuka sha wuya tare? George ya zaɓi nuna isa, Louise ta zaɓi zumunci. Kowa sai ya duba ya ga wanne ne shi a cikinsu.